Mu Zana Tsuntsayen Gulbinmu a Jikin Kayan Kiɗanmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida tamu mai farin jini, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wata sana'a da ba kasafai ake jin labarinta a jarida ko a rediyo ba, wato zanen tsuntsaye da yi wa kayan kiɗa ado. Ni mai zane ne a nan Maraɗi, kuma da wannan aiki Allah yake rufa mini asiri ni da iyalina. Makaɗa suna kawo mini gurmi da goge, mata suna kawo shantu da ƙwarya, masu shaguna kuma suna kirana in yi musu bango. Saboda haka maganar da zan yi ba ta ɗan kallo ba ce, ta wanda abin ya daɗe yana ci wa tuwo a ƙwarya ce.

Damuwata ita ce, Allah ya ba matasan garin nan hannun zane, amma idonsu ya bar gida. Duk wanda ya zaga daga bakin babbar kasuwa zuwa tashar mota, ya dubi bangon shagunan aski da rumfunan masu shayi da bayan manyan motocin da ke jigila tsakaninmu da Katsina da Kano, zai ga tsuntsaye birjik, sai dai da ƙyar zai sami namu a ciki. Zai ga ɗawisu, wanda asalinsa tsuntsun ƙasar Indiya ne ko da yake an daɗe ana kiwonsa a gidajen sarauta, zai ga mikiya mai farin kai irin ta tambarin Amurka, zai kuma ga wata farar agwagwar Turai mai lanƙwasasshen wuya tana iyo a gindin dutsen ƙanƙara. Duka daga wayar hannu aka kwafo su, kuma an kwafo su da kyau, ban raina ƙoƙarin yaran ba. Amma shamuwar da ke sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidansu, da balbelar da ke bin shanun unguwarsu kowace safiya, da cilakowar da ke kuka a gonar ubansu, babu wanda ya ga sun isa a ɓata fenti a kansu. Haka abin yake a wajen kayan kiɗa, inda aka ajiye ƙarfen ƙuna da rinin dukawa, aka koma sayen gwangwanin fentin mai a shafe ƙwarya da fata gaba ɗaya, a liƙa takarda mai ƙyalli a kai, a ce an yi ado.

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce a garin da jama'a ke fama da tsadar hatsi da rashin tsaro a bakin iyaka, kuma ban musa ba, ciki shi ne gaba. Sai dai abubuwan nan biyu, tsuntsayen da kayan kiɗan, a gaban idonmu suke raguwa lokaci guda, kuma abin da ba a zana ba, ba a rubuta ba, idan ya tafi ko kamanninsa ba za a iya kwatanta wa jikoki ba. Waɗanda suka manyanta sun san yadda ungulu take cika mahauta da bayan kasuwa har sai an kore ta da sanda. Yau yaro yana iya gama makarantar firamare bai taɓa ganinta ido da ido ba, kuma tun shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sa ta cikin jerin waɗanda suke dab da ƙarewa, saboda gubar da ake sa wa mushe da kuma farautarta da ake yi don a sayar da kanta da ƙafafunta ga masu magani. Jimina, wadda magabata suka sassaƙa siffarta a jikin duwatsun Ayar, kuma sarakunanmu suke ado da gashinta a figini da takalma, ta kusa ƙarewa ƙaf a dajin Nijar, sai irin wadda ake lallaɓawa a wurin kiwo na Kelle a jihar Damagaram. Gauraka ma ta yi wuyar gani a fadamun da a da take taruwa garke-garke.

A ɓangaren kiɗa kuwa, biki nawa ake yi yanzu a Maraɗi da kalangu ko goge ko kiɗan ƙwarya? Na'ura ake ɗorawa a kan teburi, yaro ɗaya ya danna, an sallami makaɗa biyar. Mun kuma ga abin da ya kusa faruwa da biram, kayan kiɗan masuntan Buduma na tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale, wanda aka wayi gari saura tsoho ɗaya, Bukar Tar, ya iya kaɗa shi, sai da marigayi Malam Mamman Barka, gwanin gurmi, ya je ya durƙusa a gabansa ya koya da tallafin UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, a shekarar 2002. Malam Barka ya rasu a 2018, Allah ya ji ƙansa. Ba don wannan tafiya tasa ba, da yanzu biram sai dai a gan shi rataye a ɗakin ajiya, babu mai sanin yadda muryarsa take. Babu abin da zai hana garaya ko kukuma ko shantu su bi wannan hanya idan muka ci gaba da kallonsu a matsayin tarkacen ƙauye.

Malam Edita, bari in ɗan daɗe a kan tsuntsayen, domin a nan ne nake ganin yaranmu suke asara mafi girma. Wanda zai zana tsuntsu sai ya fara koyon zama wuri ɗaya shiru, da takarda a cinya, har tsuntsun ya manta da shi. Ɗauki shamuwa. Kowa zai ce maka baƙa ce, cikinta fari, ya tsaya nan. Wanda ya zauna a gindin itacen da take sheƙa da hantsi zai ga cewa baƙin bayanta ba irin na gawayi ba ne, yana da wani sheƙi da ke juyawa tsakanin kore da shunayya gwargwadon yadda rana ta doke shi. Zai ga cewa a lokacin ƙwai fatar fuskarta shuɗiya ce, da ɗan ja a gaban ido, ƙafafunta kuma ruwan toka ne amma gaɓoɓin da yatsun suna da ja. Tana iso mana a ƙarshen bazara, wajen watan Afrilu zuwa Mayu, gabanin ruwan farko, shi ya sa manomi yake fara gyaran gona idan ya gan ta, ta yi 'ya'yanta a cikin gari a tsakiyar mutane ba mai taɓa ta, tana cin fara da tsutsar da ke ɓata shuka, sannan bayan kaka ta kama hanyar gabashi da kudancin Afirka, ta bi damina can. Mai zanen da ya san wannan ba zai ɗora shamuwa a kan busasshen reshe cikin ƙurar hunturu ba, zai sa mata hadari a baya.

Akwai kuma abubuwan da ido ke wucewa amma hankali yake kamawa, har mai kallo ya ji zane bai yi daidai ba ko da bai iya faɗin dalili ba. Zalɓe da balbela idan sun tashi sama naɗe wuyansu suke yi, kai ya koma kusa da kafaɗa, shamuwa da gauraka kuwa miƙe wuya suke yi sambal, ƙafafu a miƙe ta baya. Gaɓar nan da muke gani a tsakiyar ƙafar tsuntsu muna ce mata gwiwa, a haƙiƙa idon sawunsa ne, shi ya sa take lanƙwasawa ta baya, gwiwar gaskiya tana ɓoye cikin gashi kusa da jiki. Yawancin tsuntsaye yatsu uku ne a gaba ɗaya a baya, aku da tsirya biyu a gaba biyu a baya, jimina kuwa yatsu biyu kacal gare ta. Balbela, wadda ake yi wa kirari da ci da motsin wani saboda bin shanu da take yi tana cafke ƙwarin da sawunsu ya tayar, ba kullum take fara fat ba, domin da damina gashin kanta da ƙirjinta da gadon bayanta yakan yi ruwan goro. Namijin burtu yana da ja da shuɗi a maƙogwaro, macen kuwa shuɗi ne zalla, kuma farin da ke bakin fukafukansu ba ya bayyana sai sun buɗe su. Gauraka tana da tukku kamar zaren zinariya, kuncinta fari daga sama ja-ja daga ƙasa. Cilakowa kuma, idan macen za ta yi ƙwai, kogon itace take shiga a liƙe ƙofar da laka, a bar 'yar tsaga wadda namijin zai riƙa miƙa mata abinci ta ciki har 'ya'yan su yi ƙwari. Babu hoton waya da zai koya wa yaro waɗannan, gani ne ya kori ji.

Kuma ba mu da uzurin rashin wurin kallo. Gulbin Maraɗi, wanda ya taso daga ƙasar Katsina ya bi ta Jibiya ya shigo mana ta Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji kafin ya sake komawa Najeriya, fadamarsa cike take da marai masu saƙa sheƙa a reshe, da zakaran ƙeƙuwa, da hasbiya, da kurciya iri-iri. Tafkin Madarumfa yana nan kudu da mu, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba, kuma a shekarar 2019 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Da hunturu, ban da ƙirinjijiya da ɗinya da muke da su, akwai agwagwin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin gaɓa da suke ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai su sauka a ruwanmu. Baƙi suna biyan kuɗin jirgi su zo da madubin hangen nesa don su ga abin da ɗan Madarumfa yake gani kyauta idan ya kai jaki shan ruwa.

In koma kan kayan kiɗa. Abu na farko da wanda ya koya mini aiki ya dasa mini a rai shi ne, murya ce gaba, ado yana biye da ita, kuma duk adon da ya rage wa abin kiɗa murya ɓarna ce ko da ya fi kowane kyau. Goge dai rabin ƙwarya ne da aka rufe da fatar guza, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsirkiyar izgar doki ta bi ta kan ɗan itacen nan da ake kira jaki. Idan an goga tsirkiya, jaki ne yake kai motsin ga fata, fata ta kai wa cikin ƙwarya, daga nan sauti ya fito. Ranar da aka shafa wa wannan fata fentin mai, an ƙara mata nauyi an kuma sandarar da ita, sai goge ya koma magana kamar mai mura, kuma babu gyara sai an sake fata. Haka gurmi, haka garaya, haka fatar kalangu da ta ganga. Fata ba wurin mai zane ba ce, wurinsa bayan ƙwarya ne da jikin sanda.

Ni kafin in taɓa abin kiɗa sai na sa mai shi ya zauna ya kaɗa a gabana, in ga yadda yake rungumarsa, in ga ɓangaren da ke manne da jikinsa inda gumi zai ci duk abin da aka zana, da ɓangaren da ke kallon jama'a. Daga nan in fitar da siffar da fensir a hankali, domin bayan ƙwarya a dunƙule yake, kuma wuyan zalɓen da ya miƙe a takarda yana iya karkacewa idan ya hau ƙoƙo. Sai in jera ƙarafan ƙuna a cikin garwashi, mai faɗin baki da mai tsini, ina ɗaukar wannan ina mayar da wancan. Ƙarfen da ya yi jawur ba a ɗora shi nan take, ana jira jan ya dushe tukuna, saboda ɓawon ƙwarya mai tauri siriri ne ƙwarai, ƙarƙashinsa kuwa laushi ne, idan ƙarfe ya zarce ya shiga cikin laushin to an bar rauni, kuma iskar hunturu tana zuwa za ta tsaga ƙwaryar daga nan. Gyartai yana iya ɗinke ƙwaryar fura ta koma aiki, amma ƙwaryar goge da aka ɗinke ba ta komawa muryarta ta da. Gashin fiffike da gefen ƙarfe ake ja, layi bayan layi, kowane ya ɗan hau kan na ƙasa da shi, ido kuma shi ne na ƙarshe, ɗigo ɗaya da bakin tsini, ana riƙe numfashi. Idan an gama sai a goge toka a murza man gyaɗa kaɗan da tsumma, ƙwarya ta yi ruwan zuma, ƙunar ta fito baƙi ƙirin. Irin wannan ado ba ya ɓarewa kamar fenti, tsufa ma ƙara masa kyau yake yi.

Kowane abin kiɗa da inda yake karɓar ado. Shantu, wanda mata ke bugawa a cinya suna rufe bakinsa da tafin hannu suna ƙwanƙwasa jikinsa da zobba, dogo ne, don haka yana son jerin shamuwa a sama ko zalɓe a tsaye. Ƙwaryar kiɗa kifa ta ake yi a doki bayanta, saboda haka adonta a gefen baki yake zama. Kalangu kuwa tsirkiyoyi sun lulluɓe jikinsa, ga shi kullum a matse a hammata, don haka wanda ya ɓata lokaci yana zana icensa ya yi aikin da ba mai gani, kwalliyarsa tana wurin maratayi da tuntaye, kuma wannan aikin baduku ne, kamar yadda rigar algaita take aikinsa. A nan ne ya kamata mu ji kunyar fentin gwangwani, domin garin jar akuya muke, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai saboda laushi da ƙarfi. Majemanmu da bagaruwa suke jima, dukawanmu suna fitar da ja daga karan dafi, baƙi daga kuloko, rawaya daga saiwar itace, kuma waɗannan launuka shiga cikin fata suke yi, ba kwanciya a kanta ba. Mai zane da baduku da masassaƙi da maƙeri aikinsu ɗaya ne a kan abin kiɗa, an dai raba musu hannu ne.

Tambari da kakaki da sauran kayan fada ban sa su a wannan lissafi ba. Tun lokacin da Katsinawa suka kafa Maraɗi a farkon ƙarni na 19, Gobirawa kuma suka zauna a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, waɗannan kaya suna da masu su da ƙa'idar taɓa su, kuma ba hurumin mai zanen kasuwa ba ne ya ƙara musu ko ya rage.

Abin da nake so matasa su gane shi ne, tsuntsun da za a ɗora wa abin kiɗa ba a zaɓensa don kyau kawai, ana duba wanda ake yi wa kiɗan. Garaya ta maharba ce, kuma maharbi ya san burtu fiye da kowa tun da siffar kansa yake ɗaurawa a goshi ya yi rarrafe ya kusanci nama. Gangar noma ba ta da abokiyar da ta wuce shamuwa. Shantun amarya yana son kurciya biyu a reshe ɗaya. Makaɗin 'yan kokowa kuma, a jihar su Yakuba Ango Kantu, wanda ya fara ɗaukar takobin gasar kokowa ta ƙasa a Tawa a shekarar 1975, me zai ɗora wa gurminsa da ya fi shaho ya kawo bara? Idan aka yi haka, ɗan kallo yana hango abin kiɗa ya san ko na wane ne tun kafin a taɓa tsirkiya.

Na san akwai maganar da ke zuciyar masu karatu da yawa, kuma ba zan kauce mata ba, wato hukuncin zana abu mai rai. Magana ce mai nauyi, kuma duk Musulmi mai wannan sana'a ya kwana da ita. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wani mai yin siffofi ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah ya yarda da su, ya ce da wannan aiki yake ci, sai ya tsoratar da shi, ya ce masa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman mazhabarmu ta Malikiyya kuma sun bambanta tsakanin mutum-mutumi mai inuwa mai cikakkun gaɓoɓi, wanda suka haramta, da zanen da ke shimfiɗe a jikin takarda ko bango, wanda ba su kai shi wannan matsayi ba ko da yake sun ƙi shi a wasu halaye. Hukunci na malamai ne, kowa ya koma wurin malaminsa, kuma ba na ganin laifin abokin sana'ata da ya zaɓi ya nisanci siffa gaba ɗaya. Abin da nake gaya wa irinsa shi ne, ƙofar tsuntsaye ba ta rufe masa ba. Kowa ya ga zabuwa da zanenta ya gan ta, kuma wannan ɗige-ɗigen fari a kan toka ya isa ya cika bayan ƙwarya ba tare da an fitar da kai ko ido ba. Akwai sawun zalɓe a laka, akwai jerin gashin fiffiken fakara, akwai saƙar sheƙar marai, akwai ratsin baƙi da fari na alhudahuda. Iyayenmu mata da suke ƙona ƙorai tun kaka da kakanni ai da layi da ɗigo da dagi suka yi suna. Shi kuwa kallon tsuntsu da lura da halittarsa, Alƙur'ani da kansa ya yi kira gare shi, a Suratul Mulk aya ta 19 da Suratun Nahl aya ta 79, inda aka ja hankalinmu ga tsuntsaye a sararin sama babu mai riƙe da su sai Allah, a Suratul An'am aya ta 38 kuma aka ce su al'ummomi ne irinmu.

Akwai wani ado guda da nake roƙon makaɗa da abokan sana'ata mu bari baki ɗaya, shi ne rataya wa abin kiɗa gashin gauraka ko kan burtu ko ƙafar shaho na gaske. Duk tukkun gauraka da aka gani a wuyan gurmi, tsuntsuwa ɗaya ce aka kashe ko aka kama, alhali ƙarfe da rini suna iya fitar da tukkun nan ya zauna shekara da shekaru ba tare da an zubar da jini ba. Mai zane da ya san darajar abin da yake zanawa bai kamata a same shi a layin masu sayen gawarsa ba.

Ban rubuto wannan wasiƙa da yanke ƙauna ba, domin jiharmu ta taɓa nuna wa duniya cewa abin da ya tafi yana dawowa. Bayan farin 1984, shekarar da muke kira El-Buhari, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal, sai manoma suka karɓi dabarar barin tohon kututture ya girma a gona maimakon a sassabe shi, dabarar da Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya yi ta yaɗawa a ƙauyukanmu tare da su. Yau ana lissafin kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 da suka dawo, mafi yawansu a jihohin Maraɗi da Damagaram, gawo da kalgo da sabara da aduwa da magarya. Inda itace ya dawo, mai sheƙa yana dawowa. Saura idon da zai lura da shi da hannun da zai ajiye kamanninsa.

Don haka ina da roƙo ga waɗanda abin ya shafa. Malaman makarantun firamare, a lokacin darasin zane, maimakon a kwafa wa yara tuffa da jirgin ruwa a allo, a fita da su gindin itacen makaranta su zana tsuntsun da suka gani, su rubuta sunansa da Hausa a ƙasa, su kuma tambayo kakanninsu abin da aka sani game da shi. Gidan raya al'adu na garinmu da ofishin magajin gari, a ware rumfa ɗaya a lokacin kokowa ko hawan salla inda masu ƙona ƙorai da dukawa da masu zane za su baje kayan kiɗan da suka ƙawata, makaɗi yana zaune a gefe yana kaɗa su, don mai saye ya ji da kunnensa cewa adon bai ci muryar ba. A Yamai cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya ta tara kayan kiɗan gargajiya na ƙabilun ƙasar nan wuri ɗaya, gidan tarihi na Bubu Hama kuma tun 1959 yake tsaye, masu sana'ar hannu suna aiki a harabarsa, kuma ban ga dalilin da zai sa Maraɗi, cibiyar kasuwancin ƙasa, ta rasa ko da ɗaki ɗaya irin wannan ba. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana da ɗalibai masu nazarin halittu da muhalli, mu kuma muna da hannu, idan aka haɗa mu za a iya fitar da ɗan littafin tsuntsayen gulbi da tafki da sunayensu na Hausa, wanda yaron Jiratawa ko na Safo zai buɗe ya gane abin da ke kan dalbejiyar gidansu. Attajiranmu kuma da suke kashe dukiya wajen ƙawata falo da hotunan da aka yi a masana'antun ƙetare, su gwada sayen shantu ɗaya ko ƙwarya ɗaya daga hannun tsohuwar da ta yi kwanaki tana ƙona ta, su kuma biya ta kuɗin aikinta ba tare da sun yi mata tayin wulaƙanci ba, domin rashin ciniki ne ya sa 'ya'yan masu sana'ar suke gudunta.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙonka ka ba mu ɗan gurbi a jaridarka, ko da sau ɗaya ne a wata, a buga zanen tsuntsu ɗaya na ƙasar Hausa ko hoton abin kiɗa ɗaya da aka yi wa ado, tare da bayanin wanda ya yi shi da garinsu. A kuma nemi masu karatu su aiko da sunan da suke kiran tsuntsun a yankinsu, domin sau da yawa sunan da Bagobiri ya sani daban yake da na Bakatsine ko na mutumin Damagaram ko na Kano, kuma tsofaffin maharba da masunta da makiyaya da suka riƙe waɗannan sunaye ba ƙuruciya suke ƙarawa ba. Ni da abokan aikina a shirye muke mu riƙa aiko da zanen ba tare da an biya mu ko dala ba, kuma duk matashin da yake son koyon riƙon ƙarfen ƙuna, ƙofar rumfarmu a buɗe take.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka. Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani mai zane,
Unguwar Bagalam, Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.